Yadda ake gwada zato da alƙaluman jama'a: misalin tsagiya a Jazira

Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, magudanan ban ruwa suka ratsa yankin Jazira na ƙasar Sudan, tsagiya ta samu gindin zama. Ɗalibin kiwon lafiya daga Mai Wurno ko Wad Madani zai iya nazarin lamarin da alƙaluman da ke hannu, ba sai ya bi gida-gida ba.

Ka fara da rubuta zatonka kafin ka buɗe kowane kundi. Misali: yankunan da magudanai suka fi yawa su ne tsagiya ta fi kamari. Sai ka zaɓi abin da za ka kwatanta, ƙauyuka ko ƙananan hukumomi, ka tsaya a kan guda.

Daga nan ka tattaro adadin masu cutar daga rajistar asibitoci, ka raba shi da yawan mutanen yankin, ka fitar da adadi cikin kowane 1,000. Nan fa gizo ke saƙa. An yi ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Sudan a 2008, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa miliyoyi. Ni dai shawarata, ka ɗauki shekarun kafin yaƙin, ka faɗi inda ka samo kowane adadi.

Ka zana jadawali, magudanai a gefe, cutar a gefe, kowane ɗigo yanki guda.

Ko da sun tafi tare, kada ka yi saurin murna. Ƙauyen da ke da famfo, yaransa ba su cika wanka a magudana ba, inda katantanwa mai ɗauke da ƙwayar cutar take. Asibitin da ke da madubin duba fitsari zai gano masu cutar fiye da wanda ba shi da shi. Ka saka waɗannan cikin lissafi, har da yawan yara 'yan makaranta.

Wajen rubuta sakamako, ka yi maganar yanki, ba mutum ba. A 1950 masanin zamantakewa William Robinson ya nuna cewa jihohin Amurka masu yawan baƙi haifaffun ƙasashen waje sun fi yawan masu iya karatu, alhali baƙin da kansu ba su kai 'yan ƙasa iya karatu ba. Idan kana son sanin wa ke kamuwa, sai ka shiga ƙauyen da kwalaben gwajin fitsari.