Darasi na 9: Mayar da Tsohon Kwale-kwale Jirgin Wasan Yara

Wanda ya taɓa zuwa bakin dam ɗin Daberam ko na Sabke, nan ƙasar Daura, ya ga kwale-kwalen da masunta suka daina shiga ruwa da su. Ana jawo su tudu a kife, rana ta doka, ruwan sama ya doka, ƙarshenta a faskara a kai murhu. Haka ake yi a dam ɗin Ajiwa da na Jibiya da na Zobe. Kwale-kwalen da ya fara yoyo ya gama aikinsa a ruwa, amma a tsakar gida zai ɗauki yara biyar ko shida su wuni a ciki. A wannan darasi za mu koyi yadda ake gyara shi, mu haɗa da awo da lissafi da rubutu.

Abin da ya sa na damu da wannan aiki shi ne kududdufi. Da damina ta kankama, ramukan da aka haƙi ƙasar gini sun cika, sai yara su sulale su tafi wanka. A irin wannan ruwa ake kwaso tsargiya, a cikinsa kuma ake rasa rai. Faɗa da bulala ba su cika hana yaro ba, domin shi ruwa da jirgi suna da wani abu mai jan hankalinsa. Idan ya sami jirginsa a gida, inda uwa take ganinsa daga bakin madafa, an rage masa dalilin fita.

Wane suna za a ba shi?

A Turai da Amurka iyaye sukan yi wa yara irin wannan wurin wasa, su kira shi jirgin 'yan fashin teku. Har baƙar tuta suke ɗaura masa, mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. Tutar ta samo asali ne daga 'yan fashin da suka addabi jiragen 'yan kasuwa a tekun Karibiyan kimanin shekara 300 da suka wuce. A wurinsu labarin ya tsufa har ya koma tatsuniya. Mu a jihar Katsina fashi bai zama tatsuniya ba. Akwai gidajen da har yau ba su share hawaye ba. Saboda haka shawarata ita ce mu ɗauki dabarar ginin, mu bar musu sunan da tutar. Namu ya zama jirgin masunta, ko jirgin fito, ko na fatake. Yaro ya yi wasan kama kifi da ƙetarar da fasinja, ya fi a koya masa wasan tare hanya.

Zaɓen kwale-kwale

Ku karanta wannan da ƙarfi, mutum biyu-biyu:

"Salamu alaikum, Baba. Wancan da aka kife, na sayarwa ne?"

"Wa alaikumus salam. Ai ba ya shiga ruwa, ɗana. Gindinsa ya tafi."

"Tudu zan kai shi, yara su yi wasa. In ka yarda in duba katakon."

"Bismillah, duba da kyau."

Dubawar ita ce babban aiki. A tafi da sukundireba ko ƙaramar wuƙa, a riƙa soka katakon wuri-wuri, musamman gindi da inda falankai suka haɗu. Idan ƙarfen ya nutse kamar an soka dafaffen rogo, katakon ya ruɓe. A ƙwanƙwasa kuma da guduma a saurara. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda gara ta cinye cikinsa yana amsawa kamar ganga. Falanki ɗaya ko biyu da suka lalace ba komai, kafinta zai canza su. Amma idan haƙarƙarin jirgin ne ya ruɓe, wato katakan ciki da suka riƙe falankan, a bar shi ko da kyauta aka bayar.

Kafin a biya kuɗi a auna tsawonsa, a kuma auna ƙofar zaure da tsakar gida. Abin takaici ne a ɗauko kwale-kwale a a-kori-kura, a zo ƙofar gida ya ƙi shiga soro.

Tsabtace shi a waje

Wannan aiki a ƙofar gida ake yinsa ko a fili, yara suna nesa. Masunta sukan toshe yoyo da kwalta da tsumma, wani wuri su buga gwangwani ko guntun kwano. Duk a ɓamɓare su. Sannan a bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wadda ta ƙi fita a buga ta ta nutse sosai. Raunin tsohuwar kusa mai datti yana iya kawo ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Duk wanda ta soka, babba ko yaro, a wanke wurin da sabulu a tafi asibiti a ranar, kada a ce bari a ga gobe.

Idan akwai tsohon fenti a yi hattara. Wasu fenti suna ɗauke da dalma, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. A jiƙa katakon kafin a kankare don kada ƙura ta tashi, mai aiki ya rufe hanci da baki. Abin da aka kankare a ƙulle a leda a zubar nesa. Kada a ƙona, kada a bar kaji su tsattsaga.

Bayan haka sai samfefa. A goge gefen jirgin da wurin zama har sai an iya shafawa da tafin hannu ba a ji sartse ba. Wannan yana cin lokaci, yana gajiyar da hannu, amma nan ne yara za su riƙa kamawa kullum.

Huda gindi da girkawa

Mutane sukan yi mamaki idan aka ce a huda jirgi. To, namu ba ruwa zai shiga ba, ruwa ne zai shige shi. Ruwan sama idan ya kwanta a ciki, sauro zai yi ƙwai, katako zai ruɓe, kuma yaro mai rarrafe yana iya halaka a ruwan da bai kai taƙi ba. A sa kafinta ya yi huji kamar kaurin babban yatsa, biyu a kowace mita, a wurin da ya fi gangara.

Wurin girkawa ya zama mai inuwa, kamar gindin bedi, nesa da rijiya da murhu da wayar lantarki. Kada katako ya taɓa ƙasa, don gara ba ta jiran gayyata. A jera bulo biyu-biyu a wuri huɗu, a ɗora jirgin a kai. Tazarar da ta rage a ƙarƙashi a bar ta a buɗe yadda tsintsiya za ta shiga, ido kuma ya gani, saboda kunama da maciji suna son irin wannan sanyi.

Na san da yawa suna shafa baƙin mai don korar gara. Kada a shafa shi inda yara ke taɓawa, hannun yaro ba ya nisa da bakinsa. In za a sa maganin gara na shagon kayan gini, a sa a bayan gindi kawai, tun jirgin yana waje, a bari ya bushe ƙarau kafin a shigo da shi.

Sai a kafa turaku masu ƙarfi a kowane gefe, a ɗaure su da jikin jirgin da noti. Ga gwajin: magidanta biyu su taka gefe ɗaya tare. Idan ya karkata ko ya motsa, aiki bai ƙare ba. Jirgin da ke lilo a tudu yana danne ƙafar yaro. A kewaye shi da yashi mai kaurin taƙi guda, faɗin mita 1 ta kowane ɓangare, domin duk yadda aka hana, sai sun yi tsalle.

Rumfa da sauran kaya

A bayan jirgin a shimfiɗa falankai a yi ɗan dandamali na matuƙi. Tsayinsa daga ƙasa kada ya wuce santimita 60, wato ɗan sama da gwiwar babban mutum. Idan an yi masa shinge, tazarar da ke tsakanin sanduna kada ta kai santimita 9. Dalili shi ne jikin ƙaramin yaro yana iya zurarewa ta inda kansa ba zai wuce ba, sai ya rataye. Wanda ba shi da tef ya gwada da yatsunsa huɗu a haɗe, kada tazarar ta fi haka.

Rumfa kuwa, katako tu-bai-tu guda huɗu sun isa, a rufa da zana ko tabarmar kaba. Ban ba da shawarar kwano ba. A watan Afrilu zafin nan yakan haura digiri 40, kwano ya zama tanda, ga bakinsa da kaifi. Sai dai a tuna zana abincin wuta ce, ba a shiga da ashana ko maganin sauro na kunnawa.

Sandar tsakiya a yi ta da gora, tsawon mita 2. Azara ta fi ƙarfi, amma tsiraranta suna shiga hannu. Uwargida ta ɗinke buhu ko tsohuwar atamfa a ɗaura a jiki, a sauke idan hadari ya taso da iska. Sitiyari a sa kafinta ya yanko da'ira daga falanki, don wilin keke yana kama yatsa. Filafili biyu na katako marar nauyi, da tsohuwar koma da aka cire wa dalma da ƙugiya, shi ke nan. Igiya ce kawai zan ja kunne a kanta: kada a bar wadda ke reto ko mai zarge. Duk igiyar da aka sa a ɗaure bakinta biyu, ta miƙe tsam.

Rubuta sunan jirgi

Nan karatunku zai yi rana. Bayan an shafa sabon fenti, wanda aka tambayi mai shago aka tabbatar ba shi da dalma, kada a kira mai zane. Ku rubuta sunan da hannunku, kamar yadda direbobi ke yi a jikin mota. A fara da alli ko gawayi, a kwafo a takarda a kawo wa malamin aji ya duba. Wanda ya zaɓi "Sai Haƙuri" ya lura da lanƙwasar ƙ, kada ta koma k. Idan an gyara sai a bi da burushi. A ɗaya gefen a jera baƙaƙe daga A, ko lambobi daga 1 zuwa 10. Yaron da ya ga mahaifiyarsa ko mahaifinsa ya rubuta wannan da kansa zai tsaya ya tambayi me aka rubuta.

Kula da shi ba wuya. Kowace safiya babba ya leƙa ciki da ƙarƙashi kafin yara su shiga. Bayan ruwan sama a zokale hujin da ganye ya toshe. Da hunturu katako yakan bushe ya tsage, kan kusa ya ɗago, sai a bi da guduma da samfefa. Yaron da bai kai shekara 3 ba kada ya shiga sai da babba a kusa.

Aikin gida

1. Kwale-kwale mai tsawon mita 5, huji biyu a kowace mita. Huji nawa ke nan?

2. Bulo biyu-biyu a wuri huɗu. Bulo nawa za a saya? Ku tambayi farashin bulo ɗaya a unguwarku, ku lissafa kuɗin duka.

3. Jirgin yana da tsawon mita 5 da faɗin mita 1. An zuba yashi mita 1 ta kowane ɓangare. Nawa ne tsawo da faɗin filin da ake bukata? Ku auna tsakar gidanku ku ga ko zai shiga.

4. Ku rubuta sunan da kuka zaɓa wa jirgin sau uku a littafinku, ku zo da shi aji na gaba.