Yadda Za Ka Auna Ladan Wasan Kirifto Kafin Ka Ba Shi Lokacinka

A shekarar 2024, duk wanda ya leƙa shagon cajin waya a Samaru ko Tudun Wada ya ga matasa sun duƙufa suna danna fuskar waya a wasan Hamster Kombat, wasan kirifto da ke alkawarin biyan 'yan wasa da sulallan intanet da za a iya sayarwa, kowa yana jiran ranar fashewa, wato ranar da za a raba sulallan. Da aka raba sulallan wasan, masu suna HMSTR, a watan Satumba, da yawa sun tarar cewa rabonsu bai taka kara ya karya ba.

Kafin ka shiga irin wannan wasa, fara da binciken inda ladan yake fitowa. A wasan Axie Infinity na kamfanin Sky Mavis da ke Biyetnam, wanda ya yi tashe a Filifin a 2021, a lokacin sai mutum ya mallaki halittun wasan guda uku kafin ya fara, sannan ya tara sulallan wasan, wato SLP, ta hanyar fafatawa. Ana kashe SLP ne wajen hayayyafar sababbin halittu, waɗanda sababbin shiga suke saye, saboda haka da masu shigowa suka ragu, sai sulallan da ake fitarwa suka rinjayi waɗanda ake kashewa, farashi ya faɗi warwas a 2022. Don haka ka duba ko akwai abin da 'yan wasa suke saye da sulallan domin suna sonsa da gaske. Idan aljihun sabon shiga ne kaɗai ke biyan tsohon hannu, ka ja da baya.

Sannan ka lura da yadda ladan yake juya maka yini. Kyautar shiga kullum, wadda take komawa farko idan ka tsallake rana ɗaya, an tsara ta ne domin tsoron asara ya dawo da kai, ladan gayyata kuwa yakan sa mutum ya addabi 'yan uwa a WhatsApp. Abin da ya fi damuna shi ne ganin ɗalibi yana katse karatun dare don kada lissafinsa ya karye.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: ka yi kwana uku kana wasan ba tare da duba abin da ka tara ba. Idan har yanzu yana yi maka daɗi, to wasa ne. Idan ya gundure ka, aiki kake yi, sai ka ɗauki biro ka rubuta kuɗin data, kuɗin caji da awannin da ka kashe a mako, ka gwada su da farashin sulallan a kasuwa yau, ba wanda ake yi maka alkawari ba.