Yadda Ake Zaɓen Turare Mai Sauƙin Kuɗi Don Kyauta

Turare na cikin kyautar da ba ta jawo magana, ko suruki za ka ba ko malaminka ko abokin aiki, kuma ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ba ya mayar da kyautar turare. Damuwar kawai ita ce kasuwa ta cika da jabu, kwali sai sheƙi yake amma ka fesa kafin ka kai bakin titi ƙamshin ya gudu, wani ma ciwon kai zai saka maka.

Tun kafin ka fita daga gida ka fara tuna wa za ka ba. In dattijo ne ka nemi na mai, wanda ake shafawa, don da yawansu ba sa son mai alkohol a rigar da za su yi sallah da ita. E, malamai sun yi saɓani a kai, amma kyauta ai ba wajen gardama ba ce. 'Yan ƙananan kwalaben Al Rehab na Saudiyya masu mil 6 ba su da tsada, ka haɗa uku ko huɗu kala-kala sun yi kyauta mai mutunci. Tsofaffin mata kuwa har yanzu ba su bar Bintu Sudan ba, turaren da wani kamfanin Ingila ya fara yi tun 1920, shi ma ba alkohol a cikinsa. In matar aure ce ko amarya to gaskiya humra da turaren wuta irin na 'yan Maiduguri sun fi mata amfani a kan na fesawa. Matasa kuma yanzu hankalinsu na kan na Dubai, irin su Asad da Khamrah na kamfanin Lattafa, 'yan mata kuma Yara.

Daga nan sai ka yanke nawa za ka kashe, ka tsaya a kai. Ni dai a ganina gara ƙaramar kwalba ta asali mai mil 30 ko 50 da ƙatuwar mil 100 ta jabu, wanda za ka ba ai shafawa zai yi ba aunawa ba. Kuma in ka ga an rubuta sunan babban kamfanin Faransa a kwali ana ce maka kuɗinsa bai kai na shadda yadi biyar ba, ka ajiye kawai, ba shi ba ne.

Wajen saye ka shiga shago, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano ne ko a garinku, ka guji wanda aka baza a tebur rana na dukansa tun safe, zafi na lalata turare ko da na asali ne. Ka ɗauki kwalin ka duba ledar da aka naɗe shi da ita, ta asali a ɗame take ba kumbura. Akwai lamba a ƙasan kwali, akwai kuma a gindin kwalba, dole su zama iri ɗaya. Ka duba rubutun ko da kuskure, ka taɓa murfin ka ji ko yana rawa. In na fesawa ne ka nemi wanda aka rubuta EDP (wato Eau de Parfum) a kwalinsa, ya fi wanda aka rubuta EDT (Eau de Toilette) yawan man turare, shi ya sa ya fi daɗewa a jiki.

To ga inda mutane suka fi yin asara, gwaji. Kar ka shinshina bakin kwalba ka ce ya yi, kuma kar ka yarda da fesawar farko don abin da ke bugun hancinka a lokacin alkohol ne da ƙamshin sama wanda ke tashi cikin 'yan mintuna. Ka ce a fesa maka a bayan hannu, kar ka murza, ka fita ka yi sauran cefanenka na kamar rabin awa sannan ka sake shinshinawa, abin da ya rage ɗin nan shi ne turaren, shi mutumin zai yini da shi. Kar ka gwada fiye da uku lokaci guda don hanci na gajiya, daga nan duk ɗaya za ka riƙa jin su. Mai shagon da ya hana ka gwaji ko yake ta "Alhaji ɗauki kawai, wannan kwana biyu yake a riga", ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

In ba ka san irin ƙamshin da mutumin ke so ba ka zaɓi mai sanyi kamar miski ko sandal, oud mai ƙarfi ba kowa ke iya ɗauka ba, musamman mai asma ko mai juna biyu. Ka ce a ba ka sabo wanda ba a buɗe ba daga cikin katan, ba na gwajin ba, ka ɓanɓare takardar farashi, ka sa a 'yar jakar kyauta. Kafin ranar bayarwa kuma ka ajiye shi a durowa cikin ɗaki, kar ka bar shi a mota.