Yadda Ake Fara Buga Phantasy Star Online Episode III Ga Wanda Ya Saba Da Na Baya

Kamfanin Sega ya fitar da Phantasy Star Online Episode III: C.A.R.D. Revolution a kan na'urar GameCube a Japan a shekarar 2003, sannan ya isa Amurka da Turai a 2004. Wasan farko na Phantasy Star Online, wanda ya fito a kan na'urar Dreamcast a 2000, wasa ne na gudu da sara da harbi, amma wannan na uku sai ya koma wasan kati da ake bugawa bi da bi a filin da aka yanka gida-gida. Labarin yana gudana ne shekara 21 bayan na baya, mutanen jirgin sararin samaniya na Pioneer 2 har yanzu suna shawagi a saman duniyar Ragol. Saurin yatsa ba ya tsinana komai a nan, lissafi ne ke kawo nasara.

Abu na farko shi ne zaɓen ɓangare. Akwai Hunters, masu yi wa gwamnatin jirgin aiki, akwai kuma Arkz, masu tawaye. Jarumin Hunters makamai da garkuwa yake ɗaurawa a jikinsa, kuma muddin yana riƙe da su, su ne ke shan duka a madadinsa, sai dai duk makamin da ya karye yana rage masa maki ɗaya na rai. Jagoran Arkz kuwa halittu yake kirawo su yi masa faɗa, irin su Booma da Rappy da tsofaffin 'yan wasa suka sha farauta a dajin Ragol, shi kuma ya tsaya a baya domin ana iya dukansa kai tsaye. Ina ba sabon shiga shawarar ya fara da Hunters, saboda kula da mutum ɗaya ya fi sauƙi a kan jan ragamar halittu uku ko huɗu, kowace da irin takunta.

Daga nan sai haɗa ƙunshin kati. Kati 30 ake sakawa, kuma ba a yarda kati iri ɗaya ya wuce uku ba. A nan ne mafi yawan sababbi ke tafka kuskure, domin suna cika ƙunshin da manyan makamai masu tsada, sai a shiga fili su zauna da kati biyar a hannu babu wanda za su iya biya. Ka sa makamai masu araha da yawa, masu tsada kaɗan, sauran gurbin kuma ka raba tsakanin katunan ƙara ƙarfin hari da na kare kai. Ka tuna cewa jimillar kuɗin katunan da ka ajiye a fili ba ta wuce 8 a lokaci guda, saboda haka babban makami ɗaya yana iya cinye gurbin ƙanana uku. Idan katunan farko da aka raba maka ba su yi ba, wasan yana ba ka damar sake ɗiba, kuma bai kamata ka yi nauyin hannu wajen amfani da ita ba.

Kowane zagaye yana farawa da jefa dayis biyu, irin na wasan ludo. Lambar da ta fi yawa ta zama makin ATK, wato na hari, ƙaramar kuma ta zama DEF, wato na kariya. Makin ATK tamkar kuɗin cefane ne: daga cikinsa za ka biya ajiye kati, daga cikinsa za ka biya kowane taku a fili, daga cikinsa kuma za ka biya harin kansa. A ce dayis ya ba ka 4. Idan ka ajiye takobi mai kuɗi 2, ka yi taku biyu zuwa gaban abokin gaba, to ka iso hannu rabbana, ba ka da abin sara, shi kuwa ka kawo masa kanka har gida. Saboda haka, kafin ka taɓa komai, ka ƙirga daga ƙarshe: ware makin hari tukuna, sannan na tafiya, abin da ya rage shi ne na sabon kati. Wani lokaci tsayawa wuri ɗaya a bar abokin gaba ya kashe nasa makin wajen tahowa ya fi komai riba.

Lokacin kai hari, ka duba launukan da ke gefen katunan. Katin hari yana haɗuwa da makami ko da wani katin ne idan launin gefensu ya dace, kuma ta haka ake jera kati biyu ko uku a duka guda. Makin DEF kuwa ana kashe shi ne lokacin da abokin gaba ke dukanka, amma ba zai amfane ka ba in babu katin kariya a hannunka.

Mataki na ƙarshe a zagaye shi ne zubar da katunan da ba ka buƙata, a cike maka hannu ya koma biyar. Kada ka riƙe kati mai tsada zagaye bayan zagaye kana jiran dayis ya yi maka kirki. Bayan an gama faɗa, ana ba ka daraja gwargwadon yadda ka taka, kuma darajar tana da tasiri a kan irin sababbin katunan da za ka samu, don haka sake buga faɗan da ka riga ka ƙware a kansa hanya ce mai kyau ta ƙarfafa ƙunshinka kafin ka tunkari manyan ayyukan da ke gaba a labarin.