Yadda Za Ka Zana y = 2/(x − 3) + 1 Daga y = 1/x

Ɗalibanmu na Katsina masu shirin NECO, ga hanya mai sauƙi.

Da farko, zana y = 1/x da fensir a takardar giraf. Reshe biyu gare ta, ɗaya ya bi ta (1, 1), ɗayan ta (−1, −1). Suna kusantar layin x da layin y, amma ba sa taɓa su. Irin waɗannan layukan da zane ke kusanta ba ya taɓawa su ne layukan iyaka.

Na biyu, ninka kowane y da 2: (1, 2) da (−1, −2).

Na uku, kuma nan ne yara suka fi faɗuwa: x − 3 dama take kai zanen, taki uku, ba hagu ba. Duba dalili. Idan x = 3, ƙasan ya zama sifiri, kuma ba a raba lamba da sifiri. Can layin iyaka na tsaye ya koma. Ja shi da ɗigo-ɗigo.

Sai ka ɗaga komai sama taki ɗaya, layin iyaka na kwance ya koma y = 1. Wuraren nan biyu sun zama (4, 3) da (2, −1).

Kafin ka haɗa, gwada x = 1. Ya kamata y ya ba ka 0.