Yadda ake fentin durom ɗin birki na tsohuwar Volkswagen Beetle

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar Beetle yana son ya farfaɗo da ita, cikin abubuwan da zai fara cin karo da su akwai durom ɗin birki, wato kaskon ƙarfen da ke juyawa tare da taya, da tsatsa ta cinye. Yawancin waɗannan motoci, har da waɗanda aka harhaɗa a Legas daga 1975, durom ne a ƙafafunsu huɗu, kuma zuben ƙarfe ne mai saurin tsatsa. Fentin ba wuya gare shi ba, sai dai a wannan aikin sanin inda fenti bai kamata ya taɓa ba ya fi feshin kansa muhimmanci, domin rai ne ya rataya a kan birki.

Fara da ciro durom ɗin. Na baya wani babban noti ne mai milimita 36 ke riƙe da shi, an ɗaure shi tamau, da fin a jikinsa mai hana shi kwancewa. Zare fin ɗin, ka sassauta notin tun motar tana ƙasa, tana cikin giya, an ja birkin hannu. Idan ka bari sai ka ɗaga ta, ƙarfin da za ka sa yana iya ture ta daga kan jak. Bayan haka ka ɗaga ta, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, ka saki birkin hannu. A gaba kuwa, ka tuna notin ɓangaren hagu zarensa a juye yake, wato dama ake murza shi ya kwance, kuma wayar sifidomita ta nan take bi. Idan durom ya ƙi fitowa, sassauta 'yan taurarin da ake saita birki da su har shu ɗin, wato abin da ke goga cikin durom idan an taka birki, ya ja baya. Kada ka sa masa guduma da ƙarfi, zuben ƙarfe tsagewa yake yi.

Baƙar ƙurar da za ka tarar a ciki, don Allah kada ka hure ta da baki ko da iskar kwamfireso. Tsofaffin shu na birki da asbestos ake yin su, kuma shaƙarsa na jawo mugun ciwon huhu wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru. Sa takunkumi, ka jiƙa ƙurar, ka goge da tsumma, ka ƙulle tsumman a leda ka yar.

Kafin ka kashe ko kwabo a kan fenti, duba ko durom ɗin yana da sauran amfani. Faɗin cikinsa yana sabo milimita 230 ne, idan ya kai 231.5 ya ƙare. Wanda ya tsage, ko ya yi zurfafan zane a inda shu ke gogawa, ko haƙoran da ke kama aksil suka cinye, sai dai a canja shi. Idan kuma za a kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya daidaita cikinsa, a kai kafin fenti.

Sai kankare tsatsa, kuma a nan ne yawancin lokacinka zai tafi. Cire boris da tsohon giris daga na gaba. Bi bayan durom ɗin da buroshin waya, na hannu ko wanda ake ɗaura wa injin huda, da tabarau a idonka saboda wayoyin suna tsinkewa su yi tsalle. Bi lungunan da ke kewayen ramukan noti da sanfefa. Idan tsatsar ta yi kanta, jiƙa shi cikin binega ya kwana, ka ɗauraye, ka busar nan take, don da ka bar shi da laima za ka ga ya sake yin ja a gaban idonka. Daga nan ka wanke shi da ruwan wankin birki na gwangwani ko tina, har sai farin tsumma ya fito fes. Kananzir da gas suna barin maiƙo, fenti ba zai kama ba. Bayan wannan wanki kada ka ƙara taɓa shi sai da safar hannu.

Yanzu ka rufe wuraren da fenti zai yi ɓarna, da salatif na takarda da tsohuwar jarida. Na farko, duk cikin durom inda shu ke gogawa, domin fenti a nan zai manne wa shu, birki ya riƙa santsi ko fizga. Na biyu, mazaunin boris da haƙoran aksil da wurin da babban noti ke zama. Na uku, ramukan notin taya. Cusa musu takarda ko tsofaffin notuna. Na huɗu shi ne wanda aka fi yi wa sakaci: fuskar da rim ke kwanciya a kai. Idan fenti ya yi kauri tsakanin rim da durom, zafi zai tausasa shi ya lotse, notunan da ka ɗaure su yi sako-sako kana cikin tafiya. Ni a ganina a bar wannan fuska ƙarfe tsantsa. A motocin da aka yi kafin 1968, masu noti biyar a warwatse, rim a bakin durom kawai yake zama, tsakiyar duk a fili take da zarar an cire murfin taya, don haka can ne fentin zai fi nuna kansa.

Fentin da za ka saya shi ne mai jure zafi, na birki ko na inji. Fentin jikin mota ƙuna yake yi ya ɓare, musamman idan an daɗe ana taka birki a gangara. Baƙi mara ƙyalli sosai ya fi dacewa da tsohuwar mota. Girgiza gwangwanin kamar minti biyu, ka riƙe shi nesa da ƙarfen kamar santimita 25. Feshin farko ya zama yayyafi kawai, har kana hango ƙarfen ta ciki. Jira minti goma, ka ƙara na biyu, sannan na uku. Ya isa haka. Mai kauri zuba yake yi, kuma ya fi saurin tsagewa. Yi aikin a inuwa, inda iska ke shiga amma ƙura ba ta tashi. Lokacin hunturu ka yayyafa wa ƙasa ruwa tukuna.

Cire salatif kafin fentin ya bushe ƙarau, ka bar shi ya kwana. Irin wannan fenti sai ya sha zafi yake gama ƙarfi, don haka bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin.

Wajen mayarwa, sake goge cikin durom da ruwan wankin birki, ka sa sabon giris a boris, ka kiyaye man birki domin cin fenti yake yi. Babban notin baya yana buƙatar ɗauri na kusan Nm 300 (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri) ko sama da haka, gwargwadon shekarar motar, da sabon fin. Tsohon ba a mayar da shi. Saita birki, ka gwada a hankali a hanyar da babu jama'a, sannan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 80 ka sake bin notunan taya ɗaya bayan ɗaya.