Shuɗi a jakar fitsari ba shaida ba ne: kurakuran gwajin rini bayan tiyata

Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga duk sabon likitan da aka turo mana ɗakin tiyata, shi ya sa na rubuta ta. Magana ce kan rinin da muke zubawa a jijiya bayan aiki a ƙasan ciki, musamman cire mahaifa, don mu ga ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara ya tsira daga wuƙa da zare. Sunan rinin indigo kamin, ɗan'uwan babar da ake rini da ita a Ƙofar Mata ne. An daɗe ana aiki da shi, amma sai a Yulin 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a hukumance da sunan Bludigo, na kamfanin Provepharm na Faransa. Mililita 5 ake bayarwa a hankali cikin minti ɗaya, shuɗin kuma yakan fito tsakanin minti 4 zuwa 9.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a ga jakar fitsari ta yi shuɗi a ce alhamdulillahi, a rufe. Ƙoda biyu ce, bututu biyu ne. Ɗaya kaɗai ya isa ya rina mafitsara har ta yi kama da rawanin Buzu, alhali ɗayan yana shaƙe da zarenka.

Ni na yi wannan. Wata mata ce mai ƙari a mahaifa, aikin ya yi jini, dare ya yi, madubin leƙa mafitsara kuma yana wani ɗaki. Nas ta ɗaga jakar ta ce, "Likita, ya fito." Na duba, shuɗi shar, na rufe ciki. Kwana tara aka dawo da ita, zazzaɓi, ciwo a kwiɓin hagu, zaninta jiƙe. Mahaifiyarta ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗana, ai lafiya ƙalau kuka ce an yi." Har yau ban sami amsar da zan ba ta ba. Sai da aka sake buɗe ta aka dasa bututun a mafitsara. Tun daga ranar ba na cire safar hannu sai na sa madubi na ga ƙofar bututun dama a cikin mafitsara ta feso, ta hagu ma ta feso, da idona. Wanda ke gaggawa ya tafi, ni ina nan.

Kuma ko sun feso, kada ka saki jiki in ka yi ƙuna da na'urar tsai da jini kusa da bututun. Naman da ya ƙone yakan wuce da fitsari lafiya a ranar, sai bayan mako ɗaya ko biyu ya ruɓe ya ɓule. Ni ina rubuta wurin da na ƙona a takarda, in gaya wa maras lafiya alamun da za su dawo da ita.

Rashin haƙuri ma yana nan. Minti uku ba a ga komai ba, sabon likita ya fara warware ɗinki. Mutumin da ya zubar da jini, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, da me ƙodarsa za ta yi fitsari? Ka sa a ƙara masa ruwa, ka dubi agogo.

Sai wanda ke sa ni ɗaga murya. Babu indigo kamin a ma'aji, sai a jawo metilin bulu a tura a jijiya, wai ai duk shuɗi ne. Wa ya gaya muku? Mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma, metilin bulu na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Mai shan maganin damuwa irin fuluksetin kuwa zai iya faɗawa rikicin yawan sinadarin ƙwaƙwalwa na serotonin, zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa, abin da hukumar ta Amurka ta yi gargaɗi a kai tun 2011. Bayan duk wannan kasada, jiki kan mai da wani ɓangarensa marar launi, ka ƙura ido a banza. Ni a mafitsara nake zuba shi ta roba, kamar yadda ake gwajin yoyon fitsari: audugar da aka sa a farji in ta yi shuɗi, mafitsara ce ta ɓule, in ta jiƙe ba launi, ka zargi bututun ƙoda. In na san babu indigo kamin, ƙwayar fenazopiridin nake sa a ba maras lafiya kafin aiki, fitsarin ya fito ruwan goro. Wasu abokan aikina sun fi son ɗigon wani rini mai suna fuloresin. Ban hana su ba.

Ka sanar da likitan sa barci kafin ka tura rinin, domin yana iya ɗaga jini ko ya saukar da shi, ya rage bugun zuciya, na'urar auna iskar jini ta yatsa kuma ta nuna iska ta faɗi alhali ba ta faɗi ba. Ka rubuta dama da hagu daban, kowanne da mintinsa. Ka kuma gaya wa masu jinya fitsarin zai yi shuɗi na ɗan lokaci, in ba haka ba ƙarfe biyun dare za a tashe ka ana salati a ɗakin mata.